Aljanun da Na Ajiye a Tsamiyar Goggo Dije

Kuskuren da na yi ƙarami ne, duk wanda ya ce muku babba ne haushina yake ji. Na rasa inda zan ajiye aljanuna, sai na ajiye su a ƙarƙashin wata tsamiya. Shi ke nan. Abin da kawai na manta shi ne tsamiyar tana da mai ita, kuma mai itan fura take sayarwa.

Ku nake faɗa wa wannan, su Auwalu, da kuke tare ni a ƙofar makaranta kuna cewa, "Yaya Nafi'u, koya mana rubuta littafin yaƙi mana, ai ƙarya ce kawai ake shararawa." Ƙarya kawai? To ku gyara zama. Shekarata goma sha bakwai, amma a wannan sana'a ni dattijo ne, na ga abin da ya isa ya sa jariri furfura. Ni na rubuta "Birnin Ƙarƙashin Saiwa", labarin da daga Kazaure zuwa Babura babu mai turin da bai tura shi ba har kwamfutarsa ta nemi ruwan sha. Ga wanda bai sani ba, mu yanzu ba mu jiran maɗaba'a. Ka rubuta, ka karanta a waya da muryarka, ka kai wa masu turi a kasuwa, su kuma su zuba wa mutane a memori. Daga nan labarinka ya hau acaba, ya bi shanu, ya shiga ɗakin girki.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a, karanta wa teloli ne. Baba ya kai ni Kazaure koyon ɗinki a wani dogon hutu, sai aka yi rashin sa'a shagon yana jikin rumfar Kawu Sale, wani tsoho mai ba da hayar littattafan yaƙi. Ba kawuna ba ne na jini, duk kasuwar haka take kiransa. Cikin ɗan lokaci na ɗinke aljihun wando biyu ta baki, na karance rabin rumfar Kawu. Ranar da na kai masa labarina na farko, ko buɗe shi bai yi ba.

"Ni ba na karanta rubutun yara, idona na da tsada," in ji shi. "Shiga shagon nan ka karanta musu suna ɗinki. In kekunan suka ci gaba da gudu, ka kai wa mai ƙosai takardar. In suka tsaya, ka dawo mu yi magana."

Na shiga na karanta. Wallahi ban taɓa jin kekuna sun yi gudu irin na ranar ba, kamar da gayya. Wani ma har da waƙa. Haka na yi ta yi, mai ƙosai tana samun takarda kyauta, har ran da na kawo inda jarumi ya leƙa rijiya ya ga fuskar da ba tasa ba. Keke ɗaya ya tsaya. Na biyu ya tsaya. Ni kuwa don murna na ɗaga murya har ana jina a layin masu nama. Kawu Sale ya ja kunnena zuwa waje.

"Sakarai! In suka yi shiru, ba ihu ake yi ba. Sassauta muryar ake yi, su za su matso da kansu."

Ku riƙe wannan magana, za ta dawo.

Kayan aikina kuwa, in kun gan su sai kun yi mini kuka. Waya ce mai fasasshen gilashi da yayana ya gaji da ita, sai biro, sai littafin makaranta da nake cin bayansa. Ɗakin ɗaukar muryata rumbun gidanmu ne a Roni, in gero ya yi ƙasa. Nan ne kaɗai ba a jin dakan maƙwabta. Ina shiga ta sama, in ja murfi, in zauna kan zangarniya ina zufa kamar tulu. Karon takubba, murfin tukunyar Inna ne guda biyu. Gudun dawaki, ƙoƙo biyu a kan turmi. Muryar sarkin aljanu, Durmaƙas, sai na cusa kaina cikin bokiti. Babban maƙiyina a duniya zakaran gidanmu ne. Sai Durmaƙas ya miƙe zai hallaka duniya, sai ya yi cara. Akwai wani kashi na labarin da na gaji da sakewa, na bar carar a ciki na ce tsuntsun mutuwa ne. Har yau ana yaba mini wannan wurin.

Masu sauraro kuma ba su da tausayi. Suna sonka, amma irin son da ɗan kasuwa ke yi wa jakinsa. In ka makara da sabon kashi, mai shayi ma sai ya rage maka madara. Akwai wani ɗan acaba, Bala, ƙato ne mai murya kamar injin niƙa, wanda ya taɓa tsayar da babur a tsakiyar hanya da fasinja a baya, ya riƙe rigata ya ce sai na faɗa masa ko Ilu zai fita daga kogo. Ilu shi ne jarumina, yaro makiyayi da ba shi da makami sai sanda.

To, a nan ne girman kaina ya shigo, kuma har gobe ban janye shi ba. Duk littattafan da na karanta a rumfar Kawu, aljanunsu a can wata uwa duniya suke, birane masu sunan da sai ka yi tari kafin ka faɗa. Na ce don me? Mu duwatsun Roni ba su isa a yi yaƙi a kansu ba ne? Sai na kawo komai gida. Ilu a bayan garinmu yake kiwo, dodanni ta kan duwatsunmu suke saukowa. Abin da ya sa labarin ya ci kasuwa ke nan: mutum yana ji yana waiwaye.

Saura ƙofar birnin aljanu. Ran nan ina dawowa daga kasuwar Gwiwa, na tsaya shan fura a gindin wata tsamiya da ke bakin hanya, wurin Goggo Dije, wata dattijuwa daga rugar da ke kusa. Tun ban san kaina ba a nan take zama, kuma duk ɗan acaban da ya biyo hanyar nan yake hutawa, domin babu wata inuwar kirki sai ita. Ina sha ina kallon itacen. Gindinsa a tsage, reshe ɗaya ya sunkuyo kan hanya kamar mai gaisuwa, ga wata tsohuwar taya da saiwa ta haɗiye rabinta. Na ce a raina, ga ƙofa har da marfi. Na koma rumbu na zayyana ta tsaf, tsagar, reshen, har tayar. Kuma da yake da ludayi a hannuna tunanin ya zo mini, sai na ƙara cewa duk wanda ya sha wani abu a inuwarta ya zama baƙon Durmaƙas, ƙasa za ta buɗe, ba shi ba komawa gida.

Na yi zaton na yi gwaninta. Na yi kuwa, abin da ya kashe ni ke nan.

Ba a jima ba 'yan acaba suka fara wuce tsamiyar da gudun da ko ɗan sanda ba sa yi wa. Wasu su kauce ta cikin gona. Wani ya rantse ya ga tayar tana numfashi. Wata mata ta ce ta ji ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Ni ban san ana yi ba, ina ta jin daɗi ana cewa kashin nan ya fi kowanne tsoro, sai wata safiya na ji sallama a zaurenmu. Na leƙo, sai ga Goggo Dije, ta sauke ƙwarya cike da nono a gaban Baba, ta buɗe faifan.

"Malam, shinshina."

Baba ya shinshina ya kau da kai.

"Ya yi tsami ko? Na jiya ne. Na shekaranjiya na ba karnuka. Ina yaron naka mai aljanu?"

Na fito na durƙusa. "Ina kwana, Goggo."

"Da ban kwana ba ka gan ni? Kai ne ka zuba mini baƙi a wurin sana'a? Ni da nake zaune a gindin itacen nan tun uwarka tana tallan gyaɗa, ban taɓa ganin ko ƙadangaren banza ba. Kai ka zo sau ɗaya, ka sha fura, har ƙari na yi maka, ka tafi ka haifa mini sarki!"

"Goggo, ai labari ne."

"Labari? Jikokina labari za su ci?"

Nan na ji kunya ta gaske, domin na san da ƙwaryar nan take riƙe da marayu uku. Baba bai daka mini tsawa ba, da ma ya daka da ya fi sauƙi. A hankali ya ce, "Nafi'u, ka kori masu sayenta da bakinka, ka dawo da su da bakinka. In ruwan farko ya sauka ba su dawo ba, ka ajiye mini wayar nan, ka koma kan keken ɗinki. Kuma rumbuna na gero ne."

Wannan bazarar ita ce mafi muni a rayuwata. Abu na farko da na yi, na shiga rumbu na ɗauki sanarwa da muryar mutanen kirki: jama'a, tsamiyar nan itace ce kawai, ni na ƙirƙiri komai. Na kai aka tura. Kun san abin da mutane suka ce? "Allah sarki, sun kama yaron. Ji yadda muryarsa ke rawa. Su suka sa shi ya faɗa." Na yi wata sanarwar da ƙarfi, aka ce to yanzu Durmaƙas ne da kansa yake magana. Liman ma ya faɗa bayan sallah cewa mutum ya yi bismillah ya sha furarsa, kowa ya gyaɗa kai, kowa ya ci gaba da bi ta gona.

Sai masu shawara suka taso. Kowa ya ce in sauya wa aljanun gida. Kafin in buɗe baki, waya ta fara kuka. Idi, babban mai turina a Babura, wanda memorinsa har tsallaken iyaka suke shiga, ya kira ni.

"Nafi'u, na ji za ka yi musu ƙaura. Ka ji tsoron Allah, kada ka nufo gabas. Akwai bishiyar kuka a bayan shagona."

Masu kifi a Kazaure suka aiko cewa in na kuskura na ambaci ruwa, su da ni. Mutum ɗaya ne kawai ya ba ni wuri da zuciya ɗaya, ya ce in zuba su a gonar surukinsa, har ya yi mini kwatance. Nan na gane duk inda na kai su, akwai wata Goggo Dije a wurin. Kawu Sale ya ce to in kashe su gaba ɗaya, a aiko da tsawa ta ƙone birnin a kashi ɗaya, kowa ya huta.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan yi ba."

"Don ubanka, aljanun ƙarya kake tausayi?"

"Ilu nake tausayi. Tun yaushe yake tafiya da sandarsa zai fuskanci Durmaƙas, sai ya iso a ce masa tsawa ta riga shi? Wane keke ne zai tsaya wa wannan?"

Ya dube ni ya ce, "To ka je ka koyi sa maɓalli, don na ga can ka nufa."

Na ƙi ƙaura, na ƙi kisa, na ƙi ajiye biro. Abin da ya rage shi ne in nuna da cikina. Kullum aka tashi makaranta sai in hau keken yayana in tafi tsamiya, in zauna inda kowa zai gan ni, in sha fura. Na sha furar da ta isa a yi bikin gari. Cikina ya zama kamar na kwaɗo, in na yi tafiya ana jin ƙara. Masu wucewa su nuna ni su ce, "Ai shi ɗan gida ne a can ƙasa." Goggo kuwa ba ta raga mini.

"Sha, uban aljanu. Kai kaɗai ka rage mini, kuma kai ma rabin ludayinka iska ne."

Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, ya watse. Duk lokacin da iska ta kaɗa sai in taɓa aljihuna in ji wayar.

Ran nan da tsakar rana sai ga Bala. Ya tsayar da babur can nesa, ya tako har bakin inuwar, daidai inda rana ta ƙare, ya toge kamar an ja masa layi. Zufa na zuba daga haɓarsa.

"Kai Nafi'u! Wai ina sabon kashi? Ka bar Ilu a bakin ƙofa, ka zo nan kana shan fura!"

"Yana nan a kaina, Yaya Bala."

"To ya shiga ko bai shiga ba?"

Na buɗe baki zan ɗaga murya don ya ji, sai kunnena na hagu, wanda Kawu ya ja, ya yi mini ƙaiƙayi. Na sassauta. Na ce, can ƙasa-ƙasa, "Da ya ɗora ƙafarsa kan tayar..."

"Me? Ɗaga murya!"

Na ƙara sassautawa. Ya karkato kai. Ya jawo ƙafa ɗaya. Ya jawo ta biyu. Kafin Ilu ya gama sauka matakalar farko, Bala yana tsugune a gabana, tsundum cikin inuwa, bakinsa a buɗe. Goggo ta daina juya ludayi tana kallonmu. Da ya farga inda yake, ya yi wani tsalle da ban san ƙato na iya yi ba, ya ruga. Amma na riga na ga abin da nake nema.

Washegari na ba da sanarwa ta uku: haɗuwar Ilu da Durmaƙas ba za ta shiga memorin kowa ba. Mai son ji ya zo gindin tsamiya ranar kasuwar Gwiwa bayan azahar. Idi ya kira ya ce na ci amanar sana'a, na ce in ya ga dama ya zo da kwamfutarsa ta sha fura. Na ce wa Goggo ta damo da yawa.

"In ya yi tsami fa?"

"Zan shanye."

"Za ka fashe, in huta."

Ranar ta zo da zafin da ƙadangare ma ɗaga ƙafa yake. Na shimfiɗa buhu, na jingina da tsagar itacen, na ajiye murafun Inna da bokitina. Mutane suka fara zuwa. Babu wanda ya shigo. Suka yi da'ira a bakin inuwar, a cikin rana, kamar masu kallon rami. Har Kawu Sale na hango ya sauka daga acaba, yana cewa wai wucewa yake yi.

Na fara da ƙarfi don su kamu. Na buga murafu, na shiga bokiti na yi dariyar Durmaƙas, wani yaro ya ɓuya bayan babansa. Da na ga babu mai fifita da hula, babu mai tari, na san kekuna sun tsaya. Sai na sauke murya. Na sake saukewa. Da'irar ta fara tsukewa. Na baya suna turo na gaba, na gaba suna cewa a daina turi, amma ba sa komawa. Ina kai wa inda Durmaƙas ya miƙa wa Ilu ƙoƙo ya ce sha, sai na yi shiru, na ce maƙogwarona ya bushe. Goggo ta miƙo mini ludayi. Na sha a hankali, ina lumshe ido, ina jin ana haɗiyar yawu ta kowane gefe.

Bala ne ya karye. Ya ce, "Wallahi in ƙasa za ta buɗe ta buɗe, can ma ai da inuwa. Goggo, dama mini!"

Ya yi bismillah da ƙarfin da aka ji har garin Yankwashi, ya kafa kai. Kowa ya zuba wa ƙasar da ke ƙarƙashinsa ido. Ya sauke ƙwarya. Shiru. Sai ya yi wata gyatsa da ta kori tsuntsayen kan tsamiyar.

Goggo ta ce, "To baƙon sarki, kafin a zo ɗaukarka, biya ni."

Dariyar da aka yi ita ta gama aikin. Hannuwa suka yi ta miƙowa. Wani ya ce, "To Ilun ya sha ko bai sha ba?" Na ce wannan sai kasuwa mai zuwa, a nan, a wannan inuwa. Aka yi ta zagina ana shan fura. Kawu Sale kunnen nawa kawai ya sake ja, amma a hankali.

Don haka, Auwalu, in har yanzu kana son sana'ar, ga biro. Ka yi ƙaryarka yadda kake so, ka kawo ta har ƙofar gida, ni ba zan ce ka kai ta wata uwa duniya ba. Amma kafin ka ajiye dodo a wuri, ka duba wa ke zaune a wurin.

In na ba da labarin nan a makaranta nakan ce mutum dubu ne suka zo. Gaskiyar ita ce ba su cika inuwar ba, kuma har yau akwai masu bi ta gona. Amma furar ta ƙare kafin la'asar, ran nan da kasuwannin da suka biyo baya. Goggo ba ta taɓa sauraron kashi ɗaya ba, ba ta kuma sake yi mini ƙari ba. Ruwan farko ya sauka wayata tana aljihuna. Aljanun suna nan inda na ajiye su, Goggo Dije tana zaune a kansu tana dama fura.